Ledar da ke jin taɓi

A shekara ta 1880, a birnin Paris, ƴan'uwa biyu, Jak da Piyar Kuri, suka gano cewa in an matsa wasu duwatsu masu sheƙi suna fitar da ƴar wutar lantarki. Ƙyastun gas da ake kunna murhu da shi, wannan hikima ce a cikinsa. Sai dai dutse ba ya tanƙwaruwa, kuma yana fashewa.

A 1969 wani masani ɗan Japan, Heiji Kawai, ya samo wannan hali a jikin wata roba mai suna PVDF. Ana jan ta har ta miƙe, sannan a bi ta da lantarki mai ƙarfin gaske, sai ta koma leda mai jin taɓi. Wata ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ana yanka ta da almakashi, a liƙa ta inda ake so, kuma da kanta take ba da alama, ba ta jiran pil.

An yi maɓallai da ita waɗanda babu abin da ke gogewa a cikinsu, balle ƙura ta cinye su. Ana auna ƙarfin na'urar hoton ciki ta asibiti da ita. Kumbon Amurka New Horizons, da ya tashi a 2006, da ita yake ƙidayar ƙurar sararin samaniya. Wajen makirho kam ba ta ci kasuwa ba: na cikin salula wata fasaha ce daban.

Inda ta fi shafar mu shi ne kan hanya. Ana binne igiyar wannan roba cikin kwalta, ta ƙirga motoci, ta kimanta nauyin kowace tana cikin gudu. Ƙasashen UEMOA sun kafa dokar iyakance lodin manyan motoci tun 2005, amma doka ba ta aiki sai da awo. To, a nan gizo ke saƙa: robar motsi kaɗai take ji, motar da ta tsaya ba ta san da ita ba. Kuma zafi yana canza awonta, domin taurin kwalta da sassafe daban ne da na azahar a watan Afrilu. A ganinmu, aikinta ta nuna motar da ake zargi, sikeli na tsaye ya tabbatar kafin a ci direba tara.