Launin idon yaro: gadon da ke ɓuya, ya fito daga baya

A Falanko da sauran garuruwan Damargu, daga Tanut har Belbeji, yawancinmu baƙin ido gare mu. Amma wani lokaci akan haifi yaro mai ido ruwan zuma, ko mai idon mage. Wani lokaci kuma akan haifi zabiya, alhali uwa baƙa, uba baƙi. Sai a fara raɗe-raɗi a bakin rijiya: "Albasa ba ta yi halin ruwa ba." Miji ya shiga zargi, mata ta shiga baƙin ciki, har ta kai aure ya mutu. Yau za mu duba inda wannan launi yake fitowa, don kada a ɗora wa baiwar Allah laifin da ba ta yi ba.

Me ke ba ido launi?

A jikin mutum akwai wani abu kamar rini, likitoci suna kiransa melanin. Shi ke sa fata da gashi da ido su yi duhu. In ya yi yawa cikin ido, sai ido ya yi baƙi. In ya ragu, sai ya yi ruwan zuma. In ya yi kaɗan ƙwarai, sai ya yi ruwan toka ko shuɗi. Yawansa kuwa gado ne.

Kowane mutum yana ɗauke da ƙwayoyin gado, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Bibbiyu suke zuwa: ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai an ga aikinta. Wata kuwa mai ɓuya ce, ba ta bayyana sai ta haɗu da ƴar'uwarta irinta.

Darasi daga lambu

Wanda ya fara gano wannan ƙa'ida shi ne Gregor Mendel, wani malamin addinin Kirista a garin Brno na ƙasar Cek. Ya yi aikinsa ne da wani irin wake na ƙasar Turai. Ya yi barbarar mai jan fure da mai farin fure. Da ya shuka irin da ya samu, duka suka yi jan fure, kamar farin ya ɓace. Ya sake shuka irin waɗannan. A cikin tushe 929, sai 705 suka yi ja, 224 suka yi fari. Wato kusan ɗaya cikin huɗu. Ashe farin bai ɓace ba, laɓewa ya yi. Mendel ya bayyana wannan a shekarar 1865.

Mu gwada da goro

Mu ɗauka jan goro shi ne ƙwayar da ke sa jiki ya yi rini sosai, farin goro kuwa ita ce mai ɓuya. Uba yana riƙe da ja ɗaya, fari ɗaya. Uwa ma haka. Dukansu baƙaƙe ne, domin ja ya rinjayi fari. A kowane ciki, kowannensu zai ba ɗan goro ɗaya tak, ba tare da zaɓi ba. Abu huɗu ke iya faruwa:

1. Ja daga uba, ja daga uwa: yaro baƙi ne, ba ya ɗauke da mai ɓuya.
2. Ja daga uba, fari daga uwa: yaro baƙi ne, amma yana ɗauke da ita.
3. Fari daga uba, ja daga uwa: shi ma baƙi ne mai ɗauke da ita.
4. Fari daga uba, fari daga uwa: nan ne mai ɓuya take fitowa fili.

Ta haka ake haihuwar zabiya, mai farar fata da ido mai haske. Mu lura da kyau: sai uba ya ba da nasa, uwa ta ba da nata. Kuma kowane ciki da nasa rabo. Ana iya samun zabiya biyu a jere, ana iya haihuwar ƴaƴa shida babu ko ɗaya. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar, tun da ma'auratan kakansu ɗaya.

Ga wanda ba zabiya ba, lissafin launin ido bai kai haka sauƙi ba. A da an ɗauka ƙwaya ɗaya ce ke wannan aiki. Yanzu masana sun gano ƙwayoyi da yawa ne suke taruwa a kansa. Shi ya sa ƴan ɗaki ɗaya idanunsu ke bambanta, wani duhu, wani haske. Amma tushen maganar bai sāke ba: launin haske yana iya laɓewa tun daga kakanni, ya fito ga jika ko tattaɓa-kunne. Saboda haka launin ido ba ya zama shaidar wane ne uban yaro.

Makiyaya sun san wannan

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya kawo kuka wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin matarsa ta haifi baƙin yaro. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya zo, sai ya ce wataƙila gado ne daga tushe. Annabi ya nuna masa ɗansa ma zai yiwu haka ne, bai yarje masa ya kore shi ba. Mu da muke ganin raƙuma da awaki kullum, wannan misali bai kamata ya shige mana duhu ba.

Abin da ya kamata mu yi

Yaro mai ido ruwan zuma lafiyarsa lau, ba ya bukatar magani. Zabiya kuwa yana bukatar kulawa, domin rana tana cutar fatarsa da idonsa, ga shi ranar Damargu ba ta da wasa. A sa masa malafa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da baƙin tabarau. Kada a tura shi gona ko kiwo da tsakar rana. A makaranta a zaunar da shi gaba, kusa da allo, domin ganinsa yana da rauni, amma hankalinsa daidai yake da na kowa. In wani gyambo ya fito masa ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti da wuri, don yana iya zama ciwon daji na fata.

In kuwa muka ga fari a tsakiyar baƙin idon jariri, wannan ba launin gado ba ne. Alamar ciwo ce. A gaggauta kai shi gidan likita mafi kusa, ko sai an dangana da babban asibitin Damagaram.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara, tun daga 2015, don tunatar da jama'a haƙƙin zabaya. Mu kuma a gidajenmu, mu daina zargi, mu karanta wa maƙwabta wannan bayani. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya.