Canja suna: a fara da NIN kafin a je ofishin haraji

Tun daga 1 ga Janairun 2026, lambar NIN ce ke zama lambar harajin kowane mutum a Najeriya. Saboda haka matashin Gantsa, a ƙaramar hukumar Buji, da ya canja suna, daga hukumar NIMC zai fara gyara.

Da farko zai samu takardar rantsuwa daga kotu da sanarwar canjin suna a jarida. Sai ya ɗauki hotonsu da waya, ya ɗora a shafin gyaran bayanai na NIMC, ya biya kuɗin. Lambar NIN ɗin ba ta canjawa, sunan kawai ake gyarawa.

Idan sabon suna ya fito, sai ya je banki a gyara BVN, sannan ya sanar da hukumar tattara haraji ta Jigawa a Dutse, domin harajin kuɗin shigar mutum jiha ce ke karɓa. Dokar 2025 ta ba da kwana 30 a sanar da irin wannan canji.

Wanda ya tsallake mataki, sunayensa za su saɓa, takardar shaidar biyan harajinsa kuma na iya maƙalewa daidai lokacin da yake neman kwangila.