Zango ɗaya a Sifaniya: me ɗalibi zai samo a wata biyar?

Duk daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidajen kallon ƙwallo na Kafur da Malumfashi ba masaka tsinke. Matasanmu sun san Sevilla da Valencia da Bilbao kamar unguwanninsu, sun kuma san Umar Sadiq, ɗan Kaduna, ya ci ƙwallaye a Almeria kafin Real Sociedad ta saye shi a 2022. Harshen mutanen ne kaɗai ba mu waiwaya ba, alhali kusan mutum miliyan 500 aka haifa da Sifaniyanci a bakinsu. Shi ne harshen hukuma a ƙasashe kusan 20, yana kuma cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Barin jami'a na ɗan lokaci don koyon harshe a inda ake jin sa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗaliban Faransanci sukan tafi ƙauyen koyon harshe na Badagry, wanda aka kafa a 1991, na Larabci kuma aka yi musu na Ngala a jihar Borno. Sifaniyanci bai samu irin wannan gata ba. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsinma ko ta Ahmadu Bello da ke son nutsewa cikin harshen, sai ya ƙetare.

Zangon karatu a jami'o'in Sifaniya iri biyu ne: daga Satumba zuwa Janairu, ko daga Fabrairu zuwa Yuni. In an cire hutu da jarrabawa, mako 15 ne ko 16. Kwas mai zafi yakan ci awa huɗu a rana, wato awa 300 da ɗoriya a aji. Wannan ya ishi wanda ya je da ɗan tushe ya dawo yana hira. Wanda ya je fayau kuwa, wata biyun farko zai ƙare su yana koyon gaisuwa da ƙirga, abin da zai iya yi kyauta da wayarsa a ƙofar gida. Zangon kamar takin yuriya yake: masarar da ta riga ta tsiro ake zuba wa, ba a watsa shi a gonar da ba a yi shuka ba. Ma'aunin Turai ya kasa iya harshe mataki shida, daga A1 zuwa C2. A ganina kada a kashe kuɗin jirgi sai ɗalibi ya taka A2, yana iya tambayar hanya, ya yi ciniki, ya ba da labarin abin da ya yi jiya. Jarrabawar DELE ta Cibiyar Cervantes ita ce shaidar da aka fi yarda da ita.

Bahaushe yana da sa'a da wannan harshe fiye da yadda ya zata. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa, saɓanin Turanci mai harafi guda murya uku. Kaɗa harshe wajen furta "r", da ke wahalar da Bature ɗan Ingila, mu tun yarinta muke yi. Suna raba sunaye namiji da mace kamar yadda muke yi, kuma yawancin na mata da "a" suke ƙarewa, kamar dai a Hausa. Inda gizo ke saƙar shi ne aikatau, wanda ke sauya kama da kowane mai aiki da kowane lokaci, sai kuma bambanta "p" da "f", tsohon ciwonmu. Ga saurin baki: mutanen kudancin ƙasar suna haɗiye ƙarshen kalmomi, har wanda ya ci jarrabawa da kyau ya tsaya gaban mai sayar da burodi ya rasa me aka ce masa.

Zuwa can ya fi karatun waya ne saboda awannin da ke wajen aji, kuma wurin kwana shi ke yanke hukuncinsu. Ɗalibin da ya kama ɗaki da 'yan Najeriya uku zai dawo da Hausarsa da Turancinsa garau, da Sifaniyancin sayen tikitin mota. Wanda ya sauka a gidan iyali kuwa, dole bakinsa ya buɗe. Ana cin abincin rana wajen ƙarfe biyu ko uku, na dare sai tara ko goma, kuma a kan tebur ake zama ana hira bayan an cinye. Uwar gida za ta tambaye shi me ake nomawa a garinsu, ya lalubo sunan dawa da auduga, ya yi kuskure, yara su yi dariya, a gyara masa. A nan harshe ke zama. Sai dai ya faɗa musu tun ranar farko cewa ba ya cin naman alade ba ya shan giya, domin alade ya ratsa girkinsu, har cikin romo da wake. Mai noƙewa don kunya shi zai wuni da burodi da ruwa.

Jami'ar Salamanca, wadda aka kafa a 1218, ta yi suna wajen koyar da baƙi, amma sanyinta na Janairu ya wuce hunturun Funtuwa nesa. Ni da za a tambaye ni, Granada zan nuna wa yaron da ya fito daga Masari ko Gozaki. Akwai mahauta masu naman halal, akwai babban masallaci da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaicin, yana fuskantar fadar Alhambra. Kuma ba baƙon wuri ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Ita ce Garnaɗa ta littattafai, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗi a 1492. Ibnu Asim mai Tuhfatul Hukkam alƙalinta ne. Ibnu Malik mai Alfiyya a Jayyan aka haife shi, garin da yau ake kira Jaen, tafiyar awa guda da 'yan mintoci a mota. Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a garuruwanmu mutumin Andalus ne. Malamanmu sun daɗe suna zuwa ƙasar nan a takarda.

Sai batun kuɗi, inda yawancin mafarkin ke tsayawa. Zaman da ya wuce kwana 90 yana buƙatar bizar karatu, da takardar karɓa daga makaranta, da inshorar lafiya, da shaidar abin ciyar da kai, wanda a 'yan shekarun nan aka ƙayyade Yuro 600 a kowane wata. Wata biyar Yuro 3,000 ke nan, ban da jirgi da kuɗin makaranta. Uba ya zauna ya mayar da shi buhunan masara kafin ya ce "na amince". Akwai kuma wani tarko da ya shafi manomi musamman. Dukiyarsa tana rumbu da turke, ofishin jakadanci kuwa takardar banki yake karantawa, kuma kuɗin da aka jibga rana ɗaya yakan jawo tambaya. Mai tafiya a Satumba zai nemi biza ne a Yuni ko Yuli, daidai lokacin da taki da noma suka tatse gida. Zangon Fabrairu ya fi dacewa da mutanen yankinmu: an girbe masara da waken suya, an kai auduga kasuwa, kuɗi ya ɗan kwana a asusu.

Hanya mafi sauƙi ita ce shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda ke ɗaukar ɗaliban Afirka su yi zango a can ba tare da biyan jami'ar da ta karɓe su ba, da alawus na wata da tallafin jirgi. Sharaɗinsa jami'ar ɗalibi ta kasance tana da yarjejeniya da wata ta can, don haka ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arku za ka fara tambaya, ba ɗan kamasho a Facebook ba. Kafin tashi a sa hannu kan takardar darussan da za a yi, shugaban sashe ya amince za a lissafa makinsu. In ba haka ba, yaro ya dawo ya tarar ajinsu ya wuce shi. Wanda kuma ke ƙulla ya ɓace in biza ta ƙare, ya san yana toshe ƙofa ne ga ƙannensa.

To, in an iya, a ci me da shi? Ban ga amfanin yi wa kowa alkawarin aiki ba. Amma ɗalibin aikin gona yana da dalili babba. Masarar da ta riƙe Kafur asalinta Meziko, kuma a can cibiyar CIMMYT ta binciken masara da alkama take tun 1966. Ajantina na cikin manyan masu noman waken suya a duniya. Almeria ta Sifaniya, busasshiyar ƙasa, ta lulluɓe kusan hekta 30,000 da rumfunan leda, tana shayar da tumatir da tattasai ɗigo-ɗigo tana sayar wa Turai, abin da masu noman rani na Ɗanja za su so su gani da idonsu. Kusa da gida ma akwai Ikwatoriyal Gini, inda Sifaniyanci ke harshen hukuma, inda kuma 'yan Najeriya suka yi ƙwadago a gonakin koko na tsibirin Fernando Po har tsakiyar shekarun 1970. Kamfanin da ke kawo irin shuka ko kayan ban-ruwa daga waɗannan ƙasashe yana buƙatar wanda zai karanta takardar injin, ya kira masana'anta a waya, sannan ya juya ya yi wa manomi bayani da Hausa a bakin fadama.