Ruwa Ba Ya Rage Gishiri, Raba Shi Yake Yi

Duk ɗalibin da ya shiga ajin farko na ilimin sinadarai a jami'a zai ci karo da ƙa'idar nan ta C₁V₁ = C₂V₂. Da yawa suna haddace ta, su zuba ta a takardar jarrabawa, su manta da ita tun kafin sakamako ya fito. Alhali kuwa abin da take koyarwa ya shafi kowane gida da ake jinyar yaro a cikinsa.

Ma'anarta ba ta da wuya. Ƙarfin haɗi shi ne yawan abin da aka narkar idan aka kwatanta shi da yawan ruwan da ya ɗauke shi. Idan aka narkar da giram 9 na gishiri a ruwa har haɗin ya cika lita 1, an sami kashi 0.9 cikin ɗari, wato irin ruwan da ake ɗaura wa majinyata a asibiti. Idan aka ƙara ruwa haɗin ya kai lita 2, gishirin yana nan giram 9, bai ragu ba; rabon kowane kofi ne ya koma rabi. Wannan ita ce tsarmawa, kuma ƙa'idar ba ta ce komai ba face wannan: abin da aka narkar ba ya canzawa, ruwa ne ke ƙaruwa.

Mu dubi ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa. A shekarar 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da sabon haɗi wanda ya rage sodiyam daga milimol 90 zuwa 75 a kowace lita, domin an gano ya fi dacewa da hanjin yaro. Amma lissafin yana tsayawa ne kawai idan an bi ma'aunin ruwa. Ledar ruwan sha da muke saye a titi yawanci rabin lita ce. Uwar da ta juye garin lita 1 a leda ɗaya, da nufin maganin ya yi ƙarfi, ta mayar da sodiyam ɗin milimol 150, sama da 135 zuwa 145 da ke cikin jinin mai lafiya. Irin wannan haɗi yana iya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta tsananta. Leda biyu ake buƙata, kuma a duba ma'aunin da aka rubuta a jikin kunshin.

Haka abin yake ga bilic. Lokacin annobar Ebola ta 2014, an yi amfani da kulorin mai kashi 0.5 cikin ɗari wajen wanke wurare, da mai kashi 0.05 wajen wanke hannu. Sifili ɗaya ne tsakaninsu a rubuce, amma ninki goma ne a ƙarfi. Wanda ke da bilic mai kashi 3.5 yana son 0.5, sai ya raba 3.5 da 0.5, ya sami 7. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe: 7 ɗin jimillar haɗin ce, wato kofi 1 na bilic da kofi 6 na ruwa, ba kofi 7 na ruwa ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana malamai: kafin mu rubuta ƙa'idar a allo, mu sa ɗalibi ya auna gishiri da hannunsa, ya ƙara ruwa, ya faɗi abin da ya canza da abin da bai canza ba. Ɗaliban nan su ne ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magunguna da malaman gona na gobe. Wanda ya fahimci tsarmawa, ko ya manta haruffan zai sake gina ƙa'idar da kansa. Wanda kuwa hadda kawai ya yi, ranar da ya rikita ta ba maki zai rasa ba, majinyaci ne zai ɗanɗana kuɗarsa.