Beguwa a Idon Kyamara

Bayan ɗaukewar ruwan bara, wani abu ya riƙa shiga gonar kawuna da ke gefen Dajin Falgore yana tone rogo. Da safe sai a tarar da ramuka da guntayen saiwa, wani lokaci har da ƙaya guda mai ratsin baƙi da fari yashe a kunya. Kawu bai ko sunkuya ba ya ce beguwa ce. Ni kuwa ban taɓa ganinta da rai ba, sai na ɗaure kyamarar tarko a jikin wata ɗorawa, daidai gwiwa, tana fuskantar hanyar da ta gangaro daga duwatsu. Irin wannan kyamara zafin jiki da motsi ne ke tashinta, ta ɗauki hoto da hasken da idon mutum ba ya gani. Shi ya sa hotunan dare ke fitowa baƙi da fari.

Mako na farko gafiya da zomo kawai na samu. Da na koka, Kawu ya ɗaga kai ya dubi sama. "Yaro, ka bari wata ya yi duhu. Ba ta son farin wata." Haka kuwa aka yi.

Ana cewa dare rigar mugu, amma abin da daren ya lulluɓe a nan iyali ne. Da misalin ƙarfe 2 suka fito su uku, namiji da mace da ɗa a tsakiya, suna tafiya a natse kamar masu dawowa daga biki. Beguwa takan zauna da abokin zama guda, su kwana a rami ɗaya, su yi reno tare. Takan haifi ɗaya ko biyu, ƙayarsu da laushi, sai bayan 'yan kwanaki ta yi tauri. Wannan ɗan bai fi kyanwa girma ba, amma ganye na faɗowa sai ya miƙar da 'yar ƙayarsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tun muna yara ake gaya mana beguwa na harba ƙaya kamar kibiya, wai har ta kan auna ido. Na girma da wannan magana, kuma na san dattawan da za su rantse a kanta. A dare na goma sha ɗaya dila ya shigo hoton, ya sunkuyar da kai yana neman ɗan. Uwar ba ta harba komai ba. Da fari ta tayar da gashin ƙeyarta da duk ƙayar bayanta, har ta ninka girmanta. Sannan ta kaɗa wutsiya, wadda ƙayarta ke da rami a ciki, ta ba da sauti kamar caki. Ta buga ƙafa a ƙasa. Sai da duk wannan gargaɗi bai ishe shi ba ta juya masa baya, ta taho da baya da baya a guje. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, ita kuwa beguwa ja da bayan shi ne karon kansa. Dila ya yi tsalle gefe, bai sake bayyana ba.

A nan na gane asalin labarin harbin. Ƙayar, wadda takan kai tsawon santimita 30, ba ta kafu sosai a fata ba. Tana taɓa jikin maƙiyi sai ta zare ta zauna can, wata ta tsiro a gurbinta. Wanda karensa ya dawo gida da ƙaya a hanci, me zai ce in ba an harbe shi ba? Ko zaki yakan sha wahalarta, don ƙayar da ta karye a tafinsa takan sa wurin ya ruɓe, ta hana shi farauta.

Na nuna wa Kawu a waya. Ya kalla sau uku bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Gani ya kori ji." Da yamma ya kai ni bakin raminsu a tsakanin duwatsu, inda ƙasusuwa suka taru fari fat. Beguwa ba ta cika cin nama ba, tana dai kwaso ƙashi ta gaigaya, don haƙoranta na gaba ba sa daina tsiro, jikinta kuma na buƙatar sinadarin da ke cikin ƙashin.

Ɓarnar da take yi gaskiya ce, kuma ba zan raina ɓacin ran manomi ba. Amma yana damuna yadda ake turara mata hayaƙi a rami a kashe iyali guda saboda nama da ƙayar da masu magani ke shimfiɗawa a kasuwa, alhali haihuwarta kaɗan ce. Kawu ya ce yana saurayi kowane dutse a nan da beguwarsa, yanzu wannan ramin kaɗai ya sani.

Tarkon ƙarfen da ya yi niyyar ɗanawa yana nan rataye a rumbu. Ya sa mun kewaye rogon da ƙayar magarya, ya bar kunya biyu ta gefen dutse a waje. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Na mai ɗa ne."