3.2 Haɗin Gwiwar Ƙaramar Hukuma da Ƙungiyoyin Al'umma Wajen Rage Raɗaɗin Tsadar Rayuwa

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan yadda ƙaramar hukuma ke haɗa hannu da ƙungiyoyin al'umma domin sauƙaƙa wa talaka tsadar rayuwa, musamman a ƙauyuka irin su Maruda da makwabtanta na ƙasar Gwandu da Kalgo a Jihar Kabi.

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen wannan yanki suna da hanyoyinsu na taimakon juna. Akwai gayya, inda matasa ke taruwa su nome gonar wanda ƙarfinsa ya gaza. Akwai adashi a tsakanin mata, ga kuma zakka da ake fitarwa bayan girbi. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya tarar da waɗannan al'adu da ransu.

Bukatar haɗin gwiwa ta ƙara fitowa fili ne bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin SAP a 1986. Darajar naira ta faɗi, kuɗin taki da na kayan masarufi suka tashi. Daga nan aka shiga kafa ƙungiyoyin manoma da na mata, saboda hukuma ta fi son ba da rance da kayan aiki ga ƙungiya a kan mutum ɗaya.

Misali mafi bayyana shi ne shirin Fadama na biyu, wanda aka fara a 2004 da tallafin Bankin Duniya, kuma Kabi na cikin jihohin da suka amfana. A tsarinsa, manoma da masunta da makiyaya su ne ke kafa ƙungiya, su zauna su zaɓi abin da suka fi bukata, kamar injin ban-ruwa ko na casar shinkafa. Ƙungiya kan biya wani kaso na kuɗin, sannan kwamitin ƙaramar hukuma ya duba tsarin kafin a saki sauran.

Idan aka yi la'akari da wannan tsari, za a ga cewa kowane ɓangare na riƙe da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Hukuma ke da kuɗi da ma'aikatan gona. Ƙungiya kuwa ita ta san gidan da tukunya ba ta hau murhu ba, da manomin da ke sayar da hatsinsa da arha a kaka don biyan bashi, ya dawo yana saye da tsada da bazara.

Sai dai akan sami ƙungiyoyin da ake kafawa dare ɗaya don karɓar rabo kawai, su watse da zarar an gama. Ganin yadda farashi ya sake hauhawa bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ya zama wajibi ƙaramar hukuma ta riƙa tantance ƙungiyoyi ta hannun hakimai da dagatai da limamai, domin taimako ya isa ga mabukata na haƙiƙa.