Shirin Musamman: Idan Harhaɗa Kanel ɗin Linux Ya Cije

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ke raba wa sauran manhajoji ma'adana da lokacin aiki, shi ke magana da faifai da allo da na'urar intanet. Wanda ya fi shahara shi ne na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, kuma a kansa wayoyin Android suke tafiya. Kowa na iya sauke rubutunsa daga kernel.org ya harhaɗa da kansa, wato ya sa manhajar GCC ko Clang ta mayar da miliyoyin layukan harshen C zuwa abin da inji ke ganewa. A nan ne aiki kan tsaya cak.

Abin da ya fi ɓatar da mai koyo shi ne layin ƙarshe da ke fitowa a allo. Idan an ba da umarnin make, mai tafiyar da harhaɗawar, tare da -j da wata lamba a gabansa, ayyuka da dama ke gudana lokaci guda. Ɗaya zai faɗi, sauran su ci gaba da zubo rubutu, sai a ga Error 2 a can ƙasa. Wannan layi sanarwa ce kawai cewa an faɗi, bai faɗi dalili ba. Dalilin yana can sama, a kuskure na farko. Hanya mafi sauƙi ita ce a sake kiran make ba tare da -j ba, domin zai ɗora daga inda ya tsaya, ya kuma tsaya daidai kan matsalar. Idan aka ƙara V=1, zai nuna cikakken umarnin da ya gaza.

Galibi laifin ba na kanel ba ne, na kwamfutar da ake aiki a kai ne. Ko dai babu manhajojin flex da bison, ko babu bc, ko kayan OpenSSL da libelf. Rashin ncurses ke hana menuconfig, wato allon zaɓar abin da za a gina, buɗewa, rashin pahole kuma kan tsayar da aiki bayan an yi nisa, wanda ya fi ciwo. A cikin rubutun kanel akwai fayil mai suna changes.rst da ya jera kayan da ake buƙata, kuma karanta shi tun farko ya fi komai rage wahala.

Sai fayil ɗin .config, inda ake zaɓar abin da za a gina. Mutane da yawa kan kwafo na Ubuntu, wani nau'in Linux, kuma dabara ce mai kyau, amma yana ambaton takardar shaida mai suna canonical-certs.pem wadda ba ta cikin rubutun kernel.org. Sai make ya ce bai san yadda zai samar da ita ba. Maganin shi ne a share abin da ke gaban CONFIG_SYSTEM_TRUSTED_KEYS da CONFIG_SYSTEM_REVOCATION_KEYS, sannan a kira make olddefconfig.

Tsohon kanel da sabon GCC ma ba kullum suke jituwa ba. Da GCC 10 ya fito a 2020, tsofaffin kanel da dama sun daina harhaɗuwa, ana ta ganin ƙorafin an bayyana yylloc sau biyu. Gyaran layi ɗaya ne, ko kuma a koma tsohon GCC.

Idan aka ga kalmar Killed, ma'adanar wucin gadi ce ta cika, sai a rage lambar da ke gaban -j. Faifai ma kan cika, kuma make localmodconfig na rage nauyin, don abin da kwamfutar ke amfani da shi kaɗai yake ginawa. Inda aka ɗauke wuta ana tsakar aiki, wasu fayiloli kan lalace, sai a yi make clean a sake. A yi hattara da make mrproper, domin har .config yake sharewa.

Ko an gama lafiya, sabon kanel na iya ƙin tashi idan babu initramfs, wato fayil ɗin da ke taimaka masa tashi, ko direban faifai. Saboda haka masu sauraro, kada a goge tsohon kanel daga jerin GRUB, inda ake zaɓar kanel lokacin kunna kwamfuta, sai an ga sabon ya tashi da kwamfutar.